Kukan Akwatin Jil

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, wata Asabar a tsakiyar sanyin shekarar tamanin da biyar, mu huɗu ne tsaye a bayan dandamali a wani ɗakin wasa na Paris: ni, da maigidana Musyu Armand, da Jil mai kaɗa wani akwatin kiɗa, da Klod mai ganguna, wanda shi ne shugaban ƙungiyar. Na kwance murfin bayan akwatin na haska da tocila. Duk zaren kaset da ke ciki ya yi gumi kamar jikin randa. Musyu Armand ya shafa ɗaya, ya dubi yatsansa, ya ce da ni, "Rufe." Ƙarfe shida za a buɗe wa jama'a ƙofa.

Na fara da wannan yammacin ne saboda ku samarin da ke zuwa wurina kuna cewa gyaran kayan kiɗa ba komai ba ne, wai a cire abin da ya mutu a sa sabo, shi ke nan. Zan ba ku labarin a jere. Kafin mu koma ɗakin nan, sai kun san ni, kun san akwatin, kun san masu sauraro.

Sunana Isufu, mutumin Damagaram ne ni. Boko ban wuce aji shida ba. A wata rumfar kasuwa na koyi gyaran rediyo tun a gida. Da na zo Faransa na yi shekaru ina ɗaukar kaya a wani sito na Vénissieux, a gefen birnin Lyon, ina kwana a ɗaya daga cikin dogayen benayen unguwar Minguettes. Wata rana rediyon mai gadin siton ya mutu, na tashe shi. Shi ne ya kai ni wurin Musyu Armand, tsoho mai ɗan atelye inda ake gyaran ampli, wato injin ƙara sauti, da kayan makaɗa.

Watannin farko bai bar ni na taɓa ƙarfen dalma ba. Shara na yi, da naɗe waya, da goge kayan aiki. Dokokinsa uku ne, kuma a jere yake faɗarsu. Ta farko, kafin ka buɗe inji ka zare wutarsa daga bango, ka sa kan wayar a aljihunka. Ta biyu, duk abin da ka kwance ka jera shi a kan tsumma yadda ya fito, don ya koma yadda ya fito. Ta uku, inji ba ya fita daga ƙofar nan da ciwon da kunnenka ya ji.

Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai ampli ne na wani mai kiɗan biki ɗan Portugal. Yana gurnani ƙasa-ƙasa. Na canza abin da ya ƙone, na kunna, ya yi magana, na ce na gama. Musyu Armand ya kashe fanka, ya rufe taga, ya ce in sa kunne. Can ƙasa akwai sauran gurnani, siriri kamar na sauro. Mai amplin da kansa ya ce ba ya jin komai, a ba shi abinsa. Aka hana shi. Kwana biyu na ƙara kafin in gano wata dalma da ta tsage. Kayan aikinmu ba su da yawa: turnabis na kwance kusoshi manya da ƙanana, ƙarfen dalma, mitar auna wuta, auduga da ruwan alkol na goge datti, sai diyafazon, wani ɗan ƙarfe mai reshe biyu da ake bugawa ya ba da murya ɗaya da ba ta canzawa. Da shi ake auna muryar kowane inji.

Yanzu akwatin. Fari ne, ƙirar Ingila, mutum biyu ke ɗaukarsa da ƙyar. Daga gaba kamar ƙaramin piyano. A ciki, ƙarƙashin kowane madanni akwai zaren kaset guda, an ɗauki sautin goge ko sarewa ko muryoyin mutane a kansa. In an danna, wata ƴar tayar roba ta matse zaren a jikin sandar ƙarfe mai juyawa, sauti ya fito. In an saki, zaren ya koma. Moter ɗaya, wato ɗan injin lantarki, ke juya sandar, kuma a ƙarshenta akwai faifan ƙarfe mai nauyi da ake ce wa bolan. In juyin ya daidaita, murya ta tsaya. In wani abu ya ja shi baya, ƙura ko sanyi ko laima, sai murya ta rusuna, ta yi rawa, ta taso. Wannan shi muke kira kuka.

Ƙungiyar ba zan faɗi sunanta ba. A atelye ƴan Jil muke ce musu. Su biyar ne, ba mawaƙi. Kiɗan rok suke yi, irin wanda ake ce wa progresif. Kiɗa ɗaya sai ya ɗauke ka daga la'asar ya kai ka kusan magariba. Ba wurin rawa a ciki, don kana kama taken za su canza shi. Wani lokaci duk su yi tsit, a bar Jil shi kaɗai da akwatinsa.

Masu sauraronsu kashi biyu ne, kuma ban taɓa ganin na tsakiya ba. Na gaba kan zauna a ƙasa kusa da dandamali, su rufe ido, sun haddace kowace kwana, wasu da ƴan rikodojinsu a cinya. Na baya aboki ne ya jawo su, ko sunan ɗakin. Su ne masu fito da ihun "A yi kiɗa mana!" A Lyon abin da sauƙi, wanda bai so ba ya fita ya sha iska. A Paris har cacar baki ake yi a bakin ƙofa.

Cikin Hausawa ma haka aka rabu. In mun je Paris, a siton Alhaji Mamman na Aubervilliers muke ajiye kamiyonet, ƴar motarmu ta ɗaukar kaya. Mutumin Maraɗi ne, mai fataucin yadi da takalma, abokin mahaifina. Sai Malam Bello, Bakano, direba a wata ma'aikatar ƙasa da ƙasa, wanda ba ya rabuwa da siton. Na taɓa ba su tikiti su biyu. Washegari na same su a kan dilolin yadi suna shan shayi.

"Ɗana," in ji Alhaji, "ashe wannan kake bi daga Lyon har Paris? Injin niƙan unguwarmu ya fi su daɗi, shi kuma in ya gama gari yake ba ka."

"Haba Alhaji," in ji Malam Bello, "ai ba da ƙafa ake jin wannan ba. Zama ake yi. Kai da kake yini kana sauraron mai gurmi?"

"Mai gurmi na san wanda yake yabo. Waɗannan wa suke yabo?"

"Ba kowa."

"To ka ji. Kiɗan da ba a yi wa kowa ba, ai na aljanu ne."

Malam Bello ya juyo gare ni, da yake akwai wasa tsakanin Kanawa da mu. "Kai bawana Badamagare, wurin nan da akwatin ke kuka kamar an yi rasuwa, wallahi tsigar jikina ta tashi. Kai ka koya masa?"

Ban koya masa ba. Siton Alhaji ba a ɗumama shi. Akwatin kan kwana can cikin sanyi, washegari a shigar da shi ɗaki mai zafi, zaren ya yi gumi ya riƙa maƙewa. A Lyon kuwa daga atelye yake fita da ɗuminsa. Saboda haka mutanen Paris da kuka suka san shi, mutanen Lyon da murya tsayayya. Mun sha faɗa wa Jil, ya ɗaga kafaɗa.

To, mu koma waccan Asabar. Sanyin shekarar ya fi na kullum, har famfunan sito sun daskare. Mun busa wa zaren iska mai ɗumi iya yinmu, lokaci bai isa ba. Da Jil ya danna, gogen ya fito yana gangarawa kamar mota ta mutu a kan tudu, ya taso, ya sake zubewa. Wasu madannan ba su ce komai ba. Mai gita ya nemi inda zai kama ya rasa. Na baya suka yi ta fito, wani ya jefo kofin roba, rabinsu suka fice. Na gaba kuwa suka miƙe tsaye suna tafi, irin tafin da ban taɓa ji an yi wa ƙungiyar ba.

Klod bai jira an naɗe waya ba. A gabanmu ya ce wa Jil, "Na gaji. Ko akwatin nan ya riƙe murya ɗaya a kowane gari, ko in sayo na zamani in nemo mai danna shi."

Ku fahimci abin da wannan maganar take nufi. Jil bai iya kaɗa wani abu ba sai wannan akwatin. Mu kuma shekarar ce mafi muni a sana'armu. Sabbin akwatuna marasa nauyi sun shigo daga Japan, ba zare, ba moter, in sun lalace kamfani ake mayar wa. Masu kawo mana aiki suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, wani yini mukan zauna ba wanda ya turo ƙofa. Ƴan Jil ne kaɗai suka rage masu kawo aiki kowane mako. In akwatin ya fita, Jil ya fita, atelye ya rufe.

Fiye da wata muka yi a kansa. Da farko muka zare zaren duka, muka rataye su suka bushe, na bi kowanne da auduga. Na biyu, muka canza tayoyin roba. Na uku, Musyu Armand ya ƙera wa moter sabon abin daidaita juyi. Na huɗu, matarsa ta ɗinka wa akwatin rigar bargo, muka sa ƙaramin ƙwan lantarki a ciki don ɗumi. Na biyar, muka kafa doka cewa tun safe zai shiga ɗakin wasa. Ranar gwaji Jil ya danna da yatsu goma, na buga diyafazon na kara a kunne. Murya ba ta motsa ba. Musyu Armand ya gyaɗa kai sau ɗaya, wanda a wurinsa babban yabo ne.

Muka koma Paris da shi a ƙarshen sanyi. Gogen ya fito tas. Mai gita ya samu wurin kamawa, Klod yana murmushi a kan gangunansa. Ina daga gefe ina kallon na gaba, sai na ga suna buɗe ido ɗaya bayan ɗaya suna duban juna. Na baya kuwa suka yi fitonsu kamar kullum, ko ɗaya bai ragu ba. Da aka tashi, wata mata mai furfura, wadda ba ta taɓa fashin zuwa ba, ta same ni ina sa wa akwatin riga.

"Kai ne mai gyara?" ta ce.

Na ce ni ne.

"Me kuka yi masa? Kun kashe shi."

A sito Malam Bello ya ce, "Bawana, ka tace kunun har ya koma ruwa." Alhaji ya ce, "Da kuka da ba kuka, niƙa dai niƙa ne." Ga sakamakon aikin wata guda: masu ƙi ba su ragu ba, masu so sun yi fushi. Mai ɗakin wasa ya ba su rana ɗaya tak nan gaba, ya ce in gaban dandamali bai cika ba, kada su sake nemansa.

Jil ya zo atelye da safe, bai ko cire hula ba.

"Armand, ka mayar mini da ciwon."

"Wane ciwo?"

"Na Paris. Amma Klod ya ce sai a wurin da nake ni kaɗai. In gita ta shigo, murya ta koma daidai."

"Ni gyara nake yi. In ɓatawa kake so, kai shi firjin mahauci ya kwana."

"Firji bai san lokacin da gita za ta shigo ba."

Ina gefe ina jin su. Na daɗe da sanin cewa in ina goge bolan da tsumma akwatin yana kunne, murya kan rusuna, in na ɗaga ta taso. Na faɗa. Jil ya ce in gwada. Na zagaya baya, ya danna, na ɗora yatsa a gefen faifan a hankali. Kukan ya fito, na ɗaga ya tsaya.

Musyu Armand ya ajiye turnabis. "Wannan ba gyara ba ne, Isufu. Hannu a cikin inji da wuta a kunne, don a fitar da ciwon da muka kashe. Doka biyu ke nan cikin uku. In za ka yi, ba da sunana ba."

Na yi, kuma ga yadda aka tsara shi. Yatsa tsirara ba ya jurewa, faifan na ƙona shi. Na gwada tsumman bargo, ya riƙa santsi. Daga ƙarshe wani baduku ɗan Tahoua da ke Rillieux kusa da Lyon ya ɗinka mini ƴar hular fata ta babban yatsa. Wayoyin da ke kusa da bolan na naɗe su da roba. Alama kuma diddigen Jil ce ta hagu: in ya ɗaga ta in danna, in ya ƙara ɗagawa in ƙara, in ya sauke in saki. Zan zauna a ƴar kujera a bayan akwatin, a rufe ni da baƙin yadi. Mako uku muna gwaji a wani gareji. Wahalar ba a dannawar take ba, a sakin take. In ka saki da sauri murya ta yi tsalle, kowa ya gane hannu ne. Sai ka sake ta kamar mai sauke tulu daga kai.

Ranar wasan Alhaji Mamman ya ga hular fatar a hannuna, ya tambaya, na gaya masa. Ya ajiye kofin shayi.

"Ɗan malamai ya zama makaɗi? In na je gida me zan ce wa babanka?"

"Alhaji, ba kaɗawa nake ba. Birki nake takawa."

"Mai taka birki a waje da motar yake?"

Malam Bello ya yi dariya har ya sarƙe. "Ƙyale shi, Alhaji. Badamagare a ƙarƙashin yadi, ba mai ganinsa. Ni ma ba zan faɗa ba sai an tambaye ni."

"In ka shiga ka shiga, ɗana," in ji Alhaji. "Ni dai na faɗa."

Na ce na ji. Na yi la'asar a tsakanin dilolin, na tafi.

Daga wasan nan ban ga komai ba sai diddigen Jil da bolan yana juyawa. Sauran da kunne na sani. Ganguna suka yi nasu, gita ta yi nata, aka yi tsit. Diddige ta tashi, na danna. Daga gaba na ji wani sauti kamar mutane da yawa sun sauke numfashi tare. Daga baya fito ya tashi. Duk a lokaci guda. Wajen ƙarshe Jil ya ɗaga diddigen ya ƙi saukewa, na riƙe har na ji ƙaurin fata, muryar ta sauka ƙasa can inda ba mu taɓa kai ta a gwaji ba. Sannan ya sauke a hankali, na bi shi, gita ta shigo ta same ta daidai.

Da na fito daga ƙarƙashin yadin, gaba cike yake da mutane a tsaye, baya rabi ya watse. Yadda ake dai tun farko. Mata mai furfura ta ce akwatin ya farfaɗo. Wani saurayi a gefenta ya ce ƙarya ne, wannan kukan ya cika tsari, na lokacin sanyi shi ne na gaskiya. Nan take suka kama musu, su da suke ɓangare ɗaya. Klod ya zo yana share gumi, ya ce, "Akwati ya zauna. Kai ma ka zauna a bayansa."

Ranar Litinin Musyu Armand ya duƙufa a kan aikinsa har azahar. Sannan ya ce in miƙo hular fatar. Ya juya ta, ya ga inda ta ƙone, ya jefa ta a kwandon shara. Kwana biyu yana lanƙwasa ƙarfe a kan teburinsa ban san me yake yi ba. Ashe ɗan hannun ƙarfe ne ya ƙera, mai fata a baki, wanda ke fitowa ta gefen akwatin, yadda zan danna bolan murfi a rufe, hannuna nesa da wuta. Ya ɗaura, ya gwada da kansa, ya saurari kukan fuskarsa a murtuke.

"In za ka yi aikin banza," ya ce, "yi shi yadda ba zai kashe ka ba."

Ƙungiyar ta ƙara shekara biyu, ina bayan akwatin a Lyon da Paris. Atelye bai rufe ba sai da tsohon ya ajiye aiki don kansa. Masu sauraro ba su taɓa shiryawa ba. Alhaji Mamman bai sake karɓar tikiti ba, bai kuma hana mu sitonsa ba, sai dai in na shigo ya ce, "Sannu da zuwa, sarkin birki."

Ga abin da nake roƙonku, ku masu shiga sana'ar nan yanzu. In mutum ya kawo muku abin kiɗansa, kada ku ɗauki turnabis tukuna. Ku ba shi kujera, ku kunna, ku sa ya kaɗa muku da hannunsa har ya gama. Sannan ku tambaye shi, cikin abin da kuka ji, wanne ne ciwon, wanne ne muryar. Sai ya amsa kafin ku buɗe.